Kayan haneto na bikin Nebuta: na yi haya, na saya, ga yadda kowanne ya yi da ni

Makon jiya ƙanin wani abokina da ya samu gurbin karatu a Japan ya same ni a gida a Gwammaja bayan La'asar, wai a ba shi shawarar abin da zai tafi da shi. Muka yi maganar yaji da kuka da daddawa, muka yi maganar rigunan sanyi. Can sai idonsa ya kai kan hoton da ke jikin bangon falo, inda nake sanye da hular furanni kamar an kife mini kwandon lefe a ka. Ya yi ta ƙoƙarin danne dariya, ƙarshe dai ya ce, "Yaya, wannan kuma fa?" Na ce masa kayan haneto ne, wato masu tsalle a bikin Nebuta na can Japan, kuma tunda arewacin ƙasar za shi, ya gyara zama ya ji labarinsu don kada ya yi irin asarar da na yi.

Shekara uku na yi a Hirosaki da ke jihar Awomori, daga 2017 zuwa 2020, ina karatun aikin gona da tallafin gwamnatinsu. Ƙasar tuffa ce, fiye da rabin tuffar da ake nomawa a Japan daga jihar take fitowa. Ƙasar dusar ƙanƙara ce kuma, irin wadda sai ka sa shebur kafin ka ga hanyar fita. Mutanen ba su da hayaniya, sai ka yi wata guda ba ka ji muryar maƙwabcinka ba. Amma watan Agusta na kamawa sai ka rantse an sauya su.

Daga ranar 2 zuwa 7 ga Agusta ake bikin Nebuta a birnin Awomori, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa daga inda nake. Nebuta fitila ce, amma kada ka kawo aci-bal-bal a ranka. Ana ƙera ta da katako da waya, a lulluɓe da farar takardarsu ta gargajiya, a zana mayaƙa da dodanni na tatsuniyoyinsu da launi, a cika cikin da ƙwayayen lantarki. Babba takan kai mita 9 a faɗi, mita 5 a tsaye, nauyinta wajen tan 4 har da janaretan da ke ƙarƙashi, kuma ƙarti ne ke turawa da hannu, su juya ta a mararraba, su rusunar da ita gaban 'yan kallo. Wajen guda ashirin ake fitowa da su. Kowacce tana tafe da masu manyan ganguna da masu sarewa da masu gwara wasu 'yan faifan ƙarfe, sannan ga ayarin masu tsalle. Masu tsallen nan su ne haneto. Gwamnatin Japan ta sa bikin cikin muhimman al'adun gargajiyar da take karewa tun 1980.

Abin da ya ja ni shi ne babu wanda ake tambaya ɗan waye ko daga ina. A nan Kano, in kana son shiga ayarin hakimi ranar hawan Daushe, sai kana da doki ko kana da wanda ya san ka. A can sharaɗi ɗaya ne: ka zo da cikakkun kayan haneto kafin a tashi, ka shiga bayan duk fitilar da ta yi maka. Kuma ba su wasa da maganar kayan. A shekarun 1990 sun sha fama da wasu matasa masu zuwa cikin baƙaƙen kaya suna shaye-shaye da tada rigima, ana ce musu karasu, wato hankaki. 'Yan dabar bikin kenan. Tun daga nan aka tsaurara, wanda bai sa kayan da aka sani ba sai dai ya tsaya a gefe.

Kafin in sa ƙafa sai da na yi bincikena, don akwai bukukuwan Japan da ake ɗaukar ɗakin abin bautarsu a kafaɗa a zaga gari, kuma wannan ni ban taɓa kusantarsa ba. Nebuta ba na wani wurin bauta ba ne. Bayanin da ya fi yawo game da asalinsa shi ne wata tsohuwar al'adar manoma ta korar barci, wai a tattara gyangyaɗi da kasalar da ke hana aikin gona lokacin zafi a bi da su ruwa. Har yau a daren ƙarshe akan ɗora wasu fitilun a kan jiragen ruwa a zaga da su bakin teku ana wasan wuta. Da na ji haka sai na tuna tashe, wanda shi ma sunansa daga tashi ya fito. Hankalina ya kwanta na shiga. Wani ɗan'uwa ɗan Indonesiya da muke sallar Juma'a tare ya ce shi zane-zanen dodannin ba su kwanta masa ba, ya tsaya kallo daga nesa, ban kuma ga laifinsa ba.

Shekarar 2018 haya na yi. Shagon yana wani lungu kusa da tashar jirgi, a sauran kwanakin shekara ba wannan sana'ar suke ba, makon biki ne suke kwashe kayansu su jera kwalaye. Wani abokin karatuna Bajapane ya kira ya kama mana wuri tun mako biyu kafin ranar, kuma wannan shi ne abu na farko da zan gaya wa kowa: wanda ya tafi haka kawai ranar biki da yamma, layi zai cinye masa dare. Na biya wajen yen 4,000. A cikin kuɗin akwai yukata, wato riga mai buɗaɗɗen gaba fara mai zane, da wani zani da ake ɗaurawa a ciki kamar fatari, da jan ƙyalle mai kama da majanyi da ake naɗe hannuwan rigar da shi a ƙulle a baya, da rawayar ɗamara, da ƙananan ƙararrawa. Hular furannin kuɗinta daban, moɗar gwangwanin da ake ratayawa a ƙugu ita ma daban. Wannan bai yi mini daɗi ba, don a waya ba su faɗa ba, sai da na tuɓe riga tukuna aka nuna mini takardar farashi.

Amma abin da na biya kuɗi a kansa, daga baya na gane, ba tufafin ba ne. Wata tsohuwa ce. Ba ta kai kafaɗata ba, bakinta cike da fil, kuma ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Na zura rigar, na rufe gaba yadda hannuna ya ga dama, gefen dama a sama. Sai ji na yi ta buge mini hannu kamar yadda Hajiyarmu ke yi in ka kai hagu cikin kwano. Ta warware, ta ɗora hagu a kan dama. Abokina ya raɗa mini cewa yadda na yi ɗin, gawa ake sa wa riga haka. Ashe likkafani na naɗa wa kaina zan fita rawa.

Daga nan ta shiga aiki. Ta hau wata 'yar kujera ta zagayo da jan ƙyallen ta hammatata, ta ja har sai da kafaɗuna suka miƙe, ta ƙulle a baya. Ta tattare ƙasan rigar ta ɗage sama. A nan muka yi 'yar takaddama, domin yadda suke ɗagewa gwiwa a waje take, ni kuma dogo ne, rigar da ta fi kowacce girma a shagon ma da ƙyar ta sauko. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara, ranar na ga zahiri. Na nuna mata gwiwata na girgiza kai. Ba ta tambayi dalili ba. Ta ɗan tsaya ta dube ni, ta kwance zanin ciki ta sassauto da shi ƙasa har ya rufe, ta kama da fil uku. Duka bai fi minti goma ba. Na yi awa biyu ina tsalle a daren nan, ko ƙulli ɗaya bai motsa ba.

Da lokacin La'asar ya yi na sa abokina ya tambaya ko akwai inda zan yi salla. Ta kai ni ɗakin ajiya tsakanin kwalaye, ta shimfiɗa mini sabon tawul, ta ja ƙofa. Wannan kaɗai ya goge mini haushin kuɗin hula.

Inda shagon ya gaza shi ne ƙafa. A Japan da santimita ake auna takalmi, tawa 29 ce, su kuwa nasu ya tsaya a 27. Ana sa farar safa mai raba babban yatsa da sauran, a ɗora silifas ɗin gargajiya a ɗaure shi da tsumma don kada ya fice. Dugadugaina a kan kwalta suka kwana. Washegari da bororo biyu na tashi, ga sha-raɓa kamar an yi mini dukan sanda, saukowa daga bene sai da baya-baya.

Ga wata shawara da babu shagon da zai ba ka. Kada ka bari a maƙala maka ƙararrawa sai ka yi Magariba. A wancan lokacin tsakanin faɗuwar rana da tashin ganga bai fi minti ashirin ba, don haka da alwalata na fito, na samu wani lungu bayan wurin ajiye motoci na tayar. Kowane ruku'u cas-cas, kowace sujada cas-cas, kamar an saki garken tumaki. Na sallame na tarar da yara uku a tsaye suna jira su ga ƙarshen wannan sabuwar rawa.

Ita rawar ba wuya. Tsalle biyu a ƙafar dama, biyu a hagu. Wani ya ɗaga murya ya ce "Rassera, rassera!" ku amsa "Rasse, rasse, rassera!" Shi kenan. Wahalar tana ga cewa zagayen wajen kilomita 3 ne kuma gangar ba ta jin tausayi, irin wadda kake ji a ƙirji kafin kunne. Ana cikin haka wani dattijo, da gani ma'aikacin ofis ne da aka saki, ya miƙo mini lasifikar hannu. Ni da na yi shekara ina magana ƙasa-ƙasa kamar mai zaman makoki, na buɗe maƙogwaro irin na ɗan kamasho a tashar Kofar Ruwa, mutum wajen ɗari suka amsa mini. Ƙararrawar da ta faɗo daga jikin haneto suna ɗaukar ta a matsayin sa'a, shi ya sa yara ke jeruwa a bakin titi suna miƙo hannu. Na ciro biyu na damƙa wa wata yarinya, kakarta ta yi ta rusuna mini har na fara jin kunya. Moɗar ƙugu kuwa, wasu ruwa suke sha da ita wasu giya, don haka in aka miƙo maka ka duba. Ni shayin sha'ir mai sanyi na riƙe a gora.

An tashi wajen ƙarfe tara. Dokar shagon a mayar da kaya a daren, ga jirgin komawa Hirosaki da kowa ke rububi. Na tuɓe a gurguje, na miƙa musu kayan jiƙe sharkaf, suka karɓa da hannu biyu da godiya. Ba wanki, ba guga, ba ruwana.

To, 2019 sai wayo ya kama ni. Na yi lissafi irin na ɗan Kwari: dare uku nake son fita, haya sau uku ta haura yen 12,000, cikakken saiti kuwa a wani babban kanti wajen 10,000 ne, kuma in dawo da abina Kano in nuna wa jikoki. A alawus ɗin yen 144,000 a wata wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai aiko da na cefane gida. Na saya. Takalmi kuma na yi oda daban, irin na ma'aikatan gini da masu biki, mai rababben yatsa da tafin roba, daidai ƙafata.

Daren farko na tsaya gaban madubi da waya ina bin bidiyo. Minti arba'in ina fama da jan ƙyallen nan, in na kama dama hagu ya zame. Na fita dai a haka. Kafin mu yi rabin zagaye ƙullin baya ya kwance, hannun riga ya sauko, zanin ciki ya fara bin ƙafata, na koma gefe ina riƙe da ƙugu kamar wanda tazugensa ya tsinke a sahun gaba. Wasu mata biyu 'yan kallo ne suka tausaya suka sake ɗaure ni a bakin titi. Dare na biyu kai tsaye na koma wurin tsohuwar nan da kayana a leda, na biya kuɗin ɗauri kawai. Ta gane ni. Ta ɗaga yadin da na saya ta murza tsakanin yatsu, ba ta ce komai ba, amma na san irin wannan shirun, haka telana yake yi in na kawo masa shaddar da aka cuce ni.

Gaskiyarta. Rigar auduga ce, ba laifi, sai dai shara-shara. Jan ƙyallen da ɗamarar kuwa roba ce zalla, kuma suna zuba. Gumin dare uku ya bar mini jan gicciye a gadon baya. Akwai gargaɗi a jikin ledar cewa a wanke su daban kafin a sa, da rubutunsu, wanda a lokacin karatuna bai kai nan ba. Laifin rabi nawa ne. Shekarar da ta biyo baya korona ta hana bikin, haka ma 2021, don haka lissafin da na yi na cewa zan more su shekara biyu ya tashi a banza.

Da na dawo gida na buɗe akwati a tsakar gida ana rabon tsaraba. Hajiya ta ɗaga hular da yatsa biyu, ta juya ta, ta ce, "Kai yanzu duk karatun da aka tura ka, kayan 'yan tashe ka je ka sayo?" Na ce, "Hajiya, al'adarsu ce." Ta ce, "To Allah ya kyauta. Wannan fatarin kuma na wace ce?" Ban amsa ba, ƙannena mata suna ta faɗuwa da dariya.

Uwargida, da kyakkyawar niyya, ta haɗa kayan duka ta ba mai wanki da guga na layinmu. Ya jiƙa su a baho ɗaya. Rigar ta dawo kamar an tsoma ta a zoɓo an tsamo, wani wuri ja wani wuri ruwan goro. Ya zo da kansa yana ba da haƙuri, "Wallahi Alhaji ban taɓa ganin yadi mai zuba irin wannan ba," na ce ya bari, ni ma ta yi mini a can inda aka haife ta.

Ta yi wajen shekara biyu a ƙasan akwati. Ranar nan na bi ta Kofar Mata sai tunani ya zo mini, washegari na kai ta marina har da ƙyallen da ɗamarar. Wani dattijo da hannunsa ya rine har gwiwar hannu ya karɓa. Ya shafa rigar, ya duba ɗinkin, ya ce wannan za ta sha baba. Ya ɗauki jan ƙyallen ya ja shi, ya kai kusa da ido, ya miƙo mini abina. "Wannan leda ce, ɗana. Ko kwana bakwai ta yi a karofi haka za ta fito." Na gaya masa Japanawa ma suna rini da baba, suna da tasu tsohuwar sana'ar. Ya ce, "To me ya hana su rina wannan?" Na tsaya na ga yadda yake tsoma ta ya ɗago, ta fito kore-kore, iska na bugunta tana komawa shuɗi a kan idona, ya sake mayarwa. Da na koma karɓa ta zama shuɗiya mai duhu, jan duk ya ɓace, tsohon zanen yana ɗan leƙowa daga ƙasa in rana ta haska. A zafin watan Afrilu, in an ɗauke wuta, babu rigar da nake nema da dare sai ita. Hannunta mai faɗi ne, iska na shiga ta ko'ina. Amfanin da ta yi mini kenan, kuma ba don shi na saye ta ba.

Takalmin ne kaɗai ya fanshi kuɗinsa ba gardama. Tafinsa na kama ƙasa, ƙaya ba ta huda shi da sauƙi, da shi nake shiga gonar gwaji da damina. Aibinsa biyu: maɓallan ƙarfen da ke bayan dunduniya suna cin lokaci in za ka yi alwala, kuma duk inda ka shiga sai an ce ga mai kofaton akuya. Hular kuwa maganar Hajiya ce ta tabbata. Azumin bara, goma ga wata, 'ya'yan yayana suka zo suka ce, "Baba, ara mana hular nan." Sun zaga da ita har Kurna, ta dawo saura fure huɗu.

Abin da na gaya wa yaron nan shi ne: ya yi haya, ya kama wuri da wuri, ya tambayi kuɗin hula tun a waya, ya nemi shagon da ke ɗaura wa mutum, ya kuma nuna musu gwiwarsa tun kafin su ɗauko fil. In dare da yawa zai fita har ya ga saye ya fi, to ya wanke ja da rawaya daban sau biyu, kuma duk da haka ya biya a ɗaura masa. Takalmi ya saya nasa. Na tambaye shi lambar ƙafarsa, ya ce 42. Muka ɗauko tef ɗin awo na uwargida, ya taka takarda na zana, ta ba da 26 da rabi. Ya tsira.

Da zai tafi na shiga ɗaki na ɗauko masa ƙararrawa biyu cikin guda biyar da suka rage. Sauran ukun suna wuyan tunkiyar Hajiya.